Gogen Turawa a situdiyon Kano: yadda ake aiki da laburaren jimlolin tsirkiya

Duk makaɗin da ya taɓa ƙoƙarin fitar da sautin goge mai gudu daga fiyano ya san inda gizo ke saƙar. Dogon sauti ba ya ba da wahala: ka danna, ka riƙe, ka saki. Amma da zarar ka so tsirkiya ta yi gudu, ta hau ta sauka cikin ƙiftawar ido, sai asiri ya tonu, kowa ya ji inji ne ke bugawa. Tun zamanin da fiyanon Yamaha PSR ya zama ginshiƙin waƙoƙin fim a Kano ake fama da wannan, kunnuwanmu ne dai suka saba. Yanzu kuwa mai shirin da zai ɗora a YouTube ko ya kai Arewa24 yana zuwa situdiyo da wayarsa, ya kunna maka wani kiɗan fim na waje, ya ce irin wannan yake so a wajen da aka biyo jarumin da gudu.

Laburaren jimloli, wato tarin gajerun kiɗan da masu goge na gaske suka buga aka naɗa, shi ne hanya mafi kusa zuwa wannan sautin. Sai dai yana da hali, kuma wanda bai san halinsa ba zai ga waƙarsa ta koma bin laburaren maimakon laburaren ya bi ta.

Me ka saya a zahiri?

Laburaren tsirkiya iri biyu ne. A na farko, an tara masu goge a ɗakin ɗaukar sauti, an sa su ja sauti ɗaya-ɗaya, kowanne da ƙarfi daban-daban. Kai ne za ka jera su a fiyano ka ƙirƙiri abin da kake so. A na biyu, an ba su rubutaccen kiɗa na gaɓa ɗaya ko biyu ko huɗu, sun buga shi gaba ɗaya, aka naɗa. Idan ka danna maɓalli ɗaya, wannan jimlar ce za ta fito cif, da jan bakan, da ɗan saɓanin da ke tsakanin mutum goma sha suna ja tare, da yadda sauti ke zamewa daga wani zuwa wani. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa kunne ya yarda cewa mutane ne.

Farashinsa shi ne 'yanci. An buga jimlar a kan wani gudu, da wani rabon bugu, da wasu sautuka da wani marubucin kiɗa a Turai ya zaɓa ba tare da ya taɓa jin kalangu ba. Ba za ka iya cire sauti na uku ka sa wani ba kamar yadda kake yi a fiyano rol, allon da ake jera noti a manhajar haɗa kiɗa. Kusan duk aikin da zan yi bayani a ƙasa dabarun zama da wannan ƙangin ne.

Waɗanda za ka fi cin karo da su a situdiyoyin Zoo Road da kewaye su ne na Native Instruments, kamfanin Jamus mai Kontakt, manhajar da ake buɗe irin waɗannan laburaren a cikinta. Action Strings ya fito a 2012, jimlolinsa gajeru ne masu sara, na faɗa da tsere da fargaba. Na biyunsa ya zo a 2021 da damar gyara jimla fiye da na farkon. Emotive Strings kuwa na sanyi ne, dogayen ja da hawa da sauka, ya fi dacewa da soyayya da rabuwa. Sai Sonokinetic na ƙasar Holan, waɗanda suka mayar da wannan fanni sana'arsu: Minimal, Grosso, Capriccio, Sotto, Maximo, da Sultan Strings mai salon Gabas ta Tsakiya. Akwai kuma waɗanda ke kama da na jimla alhali inji ne ke jera sauti ɗaya-ɗaya a madadinka, irin The Orchestra na Sonuscore. Waɗannan sun fi biyayya ga gudu da matakin sautin waƙa, amma idan aka zo gudu mai tsanani ba su kai naɗaɗɗiyar jimla rai ba.

Mataki na farko: kwamfutar

Ba zan daɗe a nan ba. Ka ajiye laburaren a kan SSD, domin Kontakt galibi ba ya loda dukkan sautin a RAM, farkonsa kawai yake riƙewa, sauran yana jawowa daga rumbu lokacin da kake bugawa. Tsohon rumbu mai juyawa shi ke jawo yankewar sauti a tsakiyar jimla. RAM gig 16 zai sa ka yi aiki hankali kwance, gig 8 kuma sai da lallami. Idan laburare na ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, ka yi masa Batch re-save sau ɗaya. Idan RAM ya cika, ka yi amfani da Purge, wanda ke sauke duk sautin da waƙar ba ta taɓa ba. Lokacin bugawa ka bar bafa, wato buffer na saitin odiyo, a 256 ko ƙasa, lokacin miksin ka ɗaga ta zuwa 1024.

Ka kuma duba ko laburaren na aiki da Kontakt Player na kyauta ko sai cikakken Kontakt. Wanda ba na Player ba, idan ka buɗe shi a Player, minti 15 zai yi maka ya yi shiru. Mutane da yawa sun ɗauka kwamfutarsu ce ta lalace.

Miƙa sauti da matse shi don ya bi gudun waƙa aiki ne mai cin ƙarfin kwamfuta, kuma a zafin Afrilu na Kano laftof ba ta da haƙuri. Ga kuma ɗauke wuta. Saboda haka ka saba da mayar da layin tsirkiya odiyo da zarar ka gamsu da shi, ka ajiye MIDI ɗin, wato notocin da ka buga, a gefe a kashe. Wannan al'ada za ta yi maka amfani a gaba ma, domin rabin dabarun da ke tafe a kan odiyo ake yin su.

Mataki na biyu: ka san waƙarka kafin ka buɗe laburaren

Abu uku za ka rubuta: gudun waƙar a BPM (yawan bugu a minti ɗaya), matakin da mawaƙi ya ɗora muryarsa, da yadda kowane bugu ya rabu, gida biyu ko huɗu ne ko gida uku. Idan akwai mawaƙi, ka ɗauki muryar gwaji tukuna, ko da a kan bugu da bes kaɗai. Wanda ya fara da lalube cikin jimloli zai ji wata mai daɗi ta ja shi, ya gina waƙa a kanta, mawaƙi ya zo ya ce matakin ya yi masa sama. Daga nan sai a fara tursasa jimlar ta sauko, sautin ya lalace.

Kowane laburare yana da gudun da aka naɗe shi a kai, kuma yana rubuce a littafin bayaninsa. Kontakt zai miƙa jimlar ta bi gudun da ka sa a manhajar haɗa kiɗanka, FL Studio ko Cubase, amma miƙawar na da iyaka. A kunnena, kaso 10 zuwa 15 cikin 100 sama ko ƙasa ba ya nunawa. Idan ya wuce haka, musamman wajen rage gudu, za ka ji sautin yana rawa kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa, kuma saran bakan ya dushe. Ƙara gudu ya fi rage shi sauƙi a kunne. Idan tazarar ta yi yawa, ka nemi maɓallin ninka gudu ko raba shi biyu, wanda yawancinsu ke da shi. Jimlar da aka naɗa a 130, a waƙa mai gudun 70, ta fi kyau a ninka ta ta yi gudun 140 da a ja ta ƙasa zuwa 70.

Mataki na uku: yadda ake danna shi

Idan ka buɗe laburaren, dubi hoton fiyanon da ke ƙasan Kontakt. Maɓallan masu launi daban-daban ne. Wani yanki na zaɓar jimla ne, ba ya fitar da sauti. Wani yankin shi ne na bugawa. Ka fara taɓa na zaɓi, sannan ka riƙe na bugawa, jimlar ta yi ta juyawa har ka saki.

A nan masu FL Studio ke yawan rikicewa. Maɓallin tsakiya na fiyano, lamba 60 a MIDI, Kontakt na kiran sa C3, FL Studio kuma na kiran sa C5. Don haka idan littafin ya ce maɓallin sauya jimla yana C0, a fiyano rol ɗinka C2 za ka nema. Duk abin da littafin ya faɗa, ka ƙara biyu.

Laburaren ba su da tsari ɗaya wajen karantar hannunka. A na Sonokinetic, kod mai sauti uku kake dannawa, mejo ko maino, injin ya gane shi ya fitar da jimlar da ta dace. Idan ka danna sauti biyu kawai ko ka cusa na huɗu, zai iya yin shiru ko ya tsaya a kan kod ɗin baya. A wasu kuma sauti ɗaya kake dannawa, ƙarfin dannawar ne ke zaɓar mejo ko maino. Idan ka ji jimlarka na sauya fuska daga baƙin ciki zuwa murna ba gaira ba dalili, je ka duba ƙarfin kowane noti a fiyano rol, ka daidaita su.

Noti na sauya jimla kuwa ka sa shi ya riga na bugawa da ɗan kaɗan. Idan suka faɗo lokaci guda, wani zubin tsohuwar jimlar ce za ta fito, kuma abin haushin, yana iya yin daidai lokacin da kake saurare ya ɓata lokacin fitar da waƙar.

Sai ƙaramar tayar da ke hagun fiyano, wato CC1. A yawancin waɗannan laburaren ita ke sauya ƙarfin jan bakan, daga raɗa zuwa tsawa. Wannan daban yake da ƙara murya: goge idan aka ja shi da ƙarfi launin sautinsa ne ke sauyawa, ya yi kaushi da haske. Jimlar da aka bar tayarta a wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe ita ce ke fallasa makaɗi. Ka buga jimlar tukuna, sannan ka sake naɗa motsin tayar a zagaye na biyu, hannunka na bin numfashin mawaƙi. Wanda ba shi da taya zai iya zana layin da linzami. A FL Studio za ka same shi ta Browse parameters, ko ta hanyar MIDI Out idan ka haɗa lambar fot ɗinsa da ta Kontakt.

Mataki na huɗu: matsalar rabon uku

Wannan ita ce babbar matsalarmu, kuma bidiyoyin koyarwa na waje ba sa ta da ita domin ba tasu ba ce. Kiɗanmu da yawa, musamman mai kalangu na biki da waƙoƙin fim da suka gaje shi, kowane bugu gida uku yake rabuwa. Shi ya sa makaɗa ke sa maganaɗisun fiyano rol a 1/3 beat. Yawancin jimlolin laburare kuwa gida biyu ko huɗu suke. Ka ɗora mai huɗu a kan mai uku, za ka ji kamar suna rigima, kowa na jan nasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tace jimlolin ka zaɓi masu rabon uku kawai. Kusan kowane laburare na da wasu, an yi musu alamar 6/8 ko 12/8 ko ƙaramin 3 a saman notocin. Grosso na Sonokinetic gaba ɗayansa a 12/8 aka gina shi, shi ya sa yake zama a kan kiɗanmu ba gardama.

Idan kuma jimlar da ta kwanta maka ba ta rabon uku ba ce, akwai lissafi. A ce waƙarka na gudun 100, kowane bugu gida uku. Ke nan a minti ɗaya akwai ƙananan sara 300. Buɗe sabon aiki daban, ka sa gudun a 150, ka buga jimla mai sara biyu a kowane bugu. Ita ma 300 ce a minti. Ka fitar da ita odiyo, ka shigo da ita waƙarka ba tare da ka bari manhajar ta miƙa ta ba. Kowane sara zai faɗa daidai kan saran kiɗanka. Abin da zai bambanta shi ne nauyi: tsirkiya na dannawa duk bayan sara biyu, kalangu duk bayan uku, su haɗu duk bayan shida. Wannan saƙar uku cikin biyu ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, masu kalangu da kuntuku kullum suna yin ta. Jimla mai 3/4 ita ta fi dacewa da wannan dabara, domin gaɓarta sara shida ce, daidai da bugu biyu na waƙarka. Idan mai 4/4 ce, sara takwas ke nan, sai ka yanke biyun ƙarshe. Idan kuma jimlar mai sara huɗu ce a bugu, gudun da za ka sa shi ne 75, sai ka yanke ta a sara goma sha biyu.

Dokar ita ce ka ninka gudun waƙarka da uku, ka raba da yawan saran jimlar a bugu ɗaya. Ka dai duba cewa sakamakon bai yi nisa da gudun da aka naɗi laburaren ba.

Mataki na biyar: sauti biyar da sauti bakwai

Waƙar Hausa ta gargajiya galibi a kan sauti biyar take tafiya. A matakin A maino, su ne A, C, D, E, G. Jimlolin laburare kuwa a kan bakwai aka rubuta su, suna ratsa B da F, wani lokacin har da G mai kaifi, wanda marubutan Turai ke so don ya ja kunne ya koma gida. Idan mawaƙinka na riƙe da G, tsirkiya ta bi ta kan G mai kaifi, karo ne mai ciwo. Ko da ba su yi karo ba, B da F na iya sa waƙar yabo ko ta biki ta ɗauki kamar da ba tata ba.

Waƙoƙin soyayya masu ƙamshin Indiya sun fi haƙuri da wannan, tunda su ma sukan taka sauti bakwai. Can ne ma Sultan Strings da makamantansa ke shiga, duk da cewa salon Gabas ta Tsakiya na da sautukan da ke tsakanin maɓallan fiyano, waɗanda za su yi faɗa da muryar da aka ɗaure da otocun, manhajar daidaita murya. Ka saurara da kyau kafin ka yarda.

Ga yadda nake zaɓe. Na farko, jimlolin da ke maimaita sauti ɗaya, bugu kawai suke yi. Su ba su da matsala ko kaɗan, kai ke zaɓar sautin, kuma da su kaɗai za ka iya gina rabin aiki. Na biyu, masu yawo tsakanin tushe da na biyar da ninkinsa, wato A da E da A na sama. Su ma lafiya lau. Na uku, masu bin sautukan kod, A, C, E, duka suna cikin biyar ɗinmu. Waɗanda ke hawa tsani ɗaya bayan ɗaya su ne abin lura. Idan gudu suke yi sosai, kamar hawan da ke shigar da amshi, kunne ba ya tsayawa tantance B da F, sai ya ji iska ce kawai ta taso. Idan kuma a hankali suke tafiya, ko suna tsayawa a kan waɗannan sautuka, ka bar su. Wasu laburaren na nuna rubutun jimlar a allo. Ko ba ka iya karanta shi sosai ba, za ka iya ganin ko notocin tsalle suke ko tsani suke hawa.

Akwai kuma batun kod. Waƙoƙinmu da dama ba sa sauya kod da yawa, wasu ma a kan ɗaya suke zama daga farko har ƙarshe. Kada ka ga laburaren na karɓar kod ka ce dole ka ƙirƙiro huɗu. Biyu sun isa, A maino da G mejo misali, ko A maino da C. A G mejo akwai B, saboda haka a wajen ka koma jimlar tushe da na biyar, wato G da D.

Ka kuma duba saiti. Yawanci sautin A na kan 440 Hz, amma idan ka ji tsirkiyar ta ɗan ɗara sauran kayan ba tare da ka san dalili ba, wataƙila a 442 aka naɗe ta. Bambancin kusan senti 8 ne, ana gyara shi a Tune na Kontakt.

Mataki na shida: ina za ta shiga?

Ka ɗauki tsirkiya a matsayin ɗan amshi. Ɗan amshi na gari ba ya hawa kan ubangidansa, yana jira ya kai aya sannan ya karɓa, ya kuma kauce kafin ya dawo. Dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar muryar mawaƙi na ɗauke da ma'ana. Idan bayolin, ƙaramin gogen Turawa mai siririyar murya, na yin nasa hawa da saukar a daidai wannan tsayin, mai sauraro zai rasa kalma, kuma Bahaushe kalma yake bi a waƙa kafin kiɗa.

A ce mawaƙiya na rera ɗango mai layi huɗu, kowane layi gaɓa biyu, tana cinye gaɓa ɗaya da rabi ta bar rabi tana numfashi. A layin farko da na biyu kada ka sa komai sai dogon sauti ɗaya a celo, babban goge mai kaurin murya, can ƙasa, tayar a sauke. A rabin gaɓar da ta bari bayan layi na biyu, ka sa gajeriyar jimlar bayolin mai sauka, ta ƙare a E. A layi na uku ka shigo da jimlar sara ta sauti ɗaya a biyola, matsakaicin goge, a hankali. Bayan layi na huɗu ka sa hawa mai gudu ya faɗa daidai kan bugun farko na amshi. A cikin amshin ne za ka saki jimlar cikakkiya, tunda mai sauraro ya riga ya san kalmomin. A ɗango na biyu ka cire wani abu daga abin da ka yi a na farko, ko ka sauya wurin shigarsa.

Sanin iyakar kowane goge na taimakawa. Bayolin ba ya sauka ƙasa da G mai kusan 196 Hz, biyola na tsayawa a C mai 131, celo a C mai 65, babban bes kuma a E mai 41. Muryar mace da ta namiji mai siririyar murya, irin da ake so a waƙoƙin fim, a unguwar bayolin da biyola suke zaune. Don haka lokacin waƙa ka bar aikin ga celo, ko ka tura bayolin can sama da muryar. Yawancin laburaren sun raba jimlolin gida biyu ko uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma ana iya kashe kowanne. Ka riƙa kashewa. Idan kana da 808 ko bes mai nauyi, na ƙasan ba shi da wurin zama.

Mataki na bakwai: ɗinkin da ke tsakanin jimloli

Jimla na da kyau a tsakiyarta, bakinta ne ke tona asiri. Wuri uku ne: farko, mahaɗa, ƙarshe.

Goge ba ya kama sauti nan take kamar ganga, bakan na bukatar ɗan lokaci. Idan ka ajiye notin daidai kan layi, za a ji tsirkiyar na biyo baya. Ka matsar da layin ya riga bugun kaɗan, ka fara gwada milisakan 20 zuwa 60, kana saurare tare da kalangu har saran su zauna tare. A Cubase akwai wurin jinkirin layi da ke karɓar lamba mai ragi. A odiyo kuwa jan hoton sautin kawai za ka yi.

Wajen sauya kod, ka sauya a farkon gaɓa ko tsakiyarta, kada ka bar rata tsakanin tsohon noti da sabo. Wasu laburaren idan notocin suka ɗan haɗu sai jimlar ta ci gaba daga inda take a sabon mataki, idan aka bar rata kuma ta koma farko. Ka gwada duka biyun ka san halin naka.

Ƙarshe kuma, jimla mai juyawa ba ta san waƙa ta ƙare ba. Idan ka saki kawai, za ta yanke kamar an ɗauke wuta. Nemi jimlar rufewa idan akwai, ko ka ɗauko sara ɗaya ko dogon sauti daga laburare na sauti ɗaya-ɗaya ka rufe da shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata ka riƙe iri biyun. Ko BBC Symphony Orchestra Discover na Spitfire, wanda kyauta ne kuma ba shi da nauyi, zai yi wannan aikin. Jimla ta riƙe motsi a ƙasa, kai kuma ka buga karin waƙarka da hannunka a sama. Haka za ka samu ran naɗaɗɗen sauti ba tare da ka ari karin wani ba.

Da ka mayar da shi odiyo, ka ji daɗin almakashi. Yanke rabin farko na wannan jimla ka haɗa da rabin ƙarshe na waccan, ka sa ɗan gajeren zamewa a mahaɗar. Juya hawa ya koma baya. Cire sara ɗaya ka bar shiru. Idan akwai mai goge ko kukuma da ka sani, ka kira shi ya ja karin a sama da wannan shimfiɗa. Gogenmu mai tsirkiya ɗaya na da kaushi da kukan da babu laburaren da ya naɗa, kuma shi kaɗai zai sa ba wanda zai ce ya taɓa jin kiɗanka a wani wuri. Ka dai daidaita matakin waƙar da inda gogensa ya fi sakewa tun kafin ka fara.

Idan aikin fim ne

A nan hoto ne ubangida. Sa aikin a 48 kHz tun farko, ka tambayi edita adadin firem ɗin da ya yi aiki da shi. Sannan ka auna tsawon fitowar ka zaɓi gudun da zai cika ta. Tsawon bugu ɗaya shi ne 60 a raba da BPM. A gudun 96, bugu sakan 0.625 ne, gaɓa mai bugu huɗu sakan 2.5, gaɓa 16 kuma sakan 40 cif. Idan uwar miji za ta banko ƙofa a sakan na 30, wannan ƙarshen gaɓa ta 12 ne, sai ka sa hawan tsirkiya ya ƙare a nan. Idan bai faɗa daidai ba, ka motsa gudun da ɗaya ko biyu, ya fi ka yanke jimla a tsakiya.

Fina-finanmu magana ce ta fi yawa a cikinsu. Ƙarƙashin magana, jimla mai kari na raba hankalin mai kallo. Ka yi amfani da sara mai sauti ɗaya a celo, ko karkarwar baka a hankali, ka ajiye manyan jimloli don wurin da ba a magana. Kuma ba kowace harara ce ke bukatar tsirkiya arba'in ba. Wannan cuta ce da ta kama shirye-shirye masu dogon zango da yawa.

Miksin

Yawancin laburaren na zuwa da amsa-kuwwarsu a kunne. Ka kashe ta, ka tura tsirkiya da sauran kaya zuwa amsa-kuwwa guda, don a ji kamar ɗaki ɗaya suke. Idan akwai zaɓin makirufo, na kusa ya fi dacewa da waƙa mai bugu, na nesa kuma da fim. Yanke duk abin da ke ƙasa da 150 Hz a bayolin. Idan sautin ya yi laka, ka rage kaɗan tsakanin 200 da 400. Tsakanin 2 da 4 kHz nan ne kalmomin mawaƙi ke fitowa, nan ne kuma bayolin ke da kaifi, sai ka rage wa tsirkiyar decibel biyu ko uku, ko ka sa ta riƙa sunkuyawa da kanta duk lokacin da murya ta shigo.

Ka tuna inda za a ji waƙar: lasifikar waya, 'yar akwatin bulutut, da cikin Adaidaita Sahu a cunkoson Ƙofar Nassarawa. Tsirkiyar da aka baza hagu da dama sosai kan sirance idan aka haɗe ta wuri ɗaya. Danna mono ka saurara, sannan ka tura wa wayarka ka ji. Celo kusan ɓacewa yake a waya, don haka idan shi ke ɗauke da abin da kake so a ji, ka ninka shi da biyola a sama.

Lasisi da Content ID

Lasisin irin waɗannan laburaren yawanci na ba ka damar amfani da jimlolin cikin kiɗanka ka sayar, amma ya hana ka fitar da su tsirara ko ka sake sayar da su a matsayin samfur. Wannan dama ta wanda ya saya ce. Kwafin da aka zuba maka a rumbu a kasuwa ba ya ɗauke da ita, kuma ranar da wani dandali ko tashar waje ta nemi shaidar haƙƙin kiɗan fim ɗin, furodusa kai zai waiwayo.

Ɗaya matsalar ita ce jimlar da ke hannunka tana hannun dubban mutane. Idan wani a wata ƙasa ya sa ta a fili a farkon kiɗansa ya yi masa rajista da Content ID, tsarin gano mai haƙƙin kiɗa, na'urar YouTube na iya jin taka ta ce tasa ce, kuɗin tallan bidiyon ya tsaya har a warware. Kariyarka ita ce kada ka bar jimla ita kaɗai na tsawon gaɓoɓi ba tare da bugu ko murya ko wani kari a kanta ba, musamman a buɗewar waƙa, kuma ka riƙa yankawa da haɗawa kamar yadda aka faɗa a sama. Kai ma idan za ka raba waƙa ta kamfanonin da ke kai ta dandali, kada ka kunna Content ID a kan kiɗan da jimlar laburare ce ƙashin bayansa, domin tsarin na bukatar abin da kai kaɗai ke da haƙƙinsa.

Ka ajiye rasit ɗin saye da lambar lasisi a imel, ka ajiye fayil ɗin aikin da MIDI ɗinsa, ka kuma fitar da layin tsirkiya daban a WAV mai bit 24, ɗaya da amsa-kuwwa ɗaya babu. A sunan fayil ɗin ka rubuta sunan laburaren da gudu da mataki, domin edita na iya dawowa bayan wata shida ya ce a ƙara masa sakan goma a kashi na gaba.